Hedimasta ya ƙi karɓar yarinya mai keken guragu a Aboabo: ta ina za mu ɓullo wa lamarin?

Inna Aboabo ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan aikin makaranta a nan Kumasi. Akwai wata yarinya a layinmu, shekararta 9, ƙafafunta ba sa ɗaukarta tun haihuwa, da keken guragu take yawo. Kanta kuwa ras yake. Ta kusa izu biyar a makarantar allo, ita ke ƙirga wa uwarta cinikin koko da safe, ko sisi ba ya ɓata. Amma ba ta taɓa zama a ajin boko ba. Farkon zangon nan uwar ta kai ta wata firamaren gwamnati da ke kusa da gida. Hedimasta ya dubi keken, ya ce ba su da wurin irinta, a kai ta makarantar naƙasassu. Bai rubuta komai ba, ko takardar haihuwarta bai karɓa ya duba ba.

Mu matan ƙungiyar unguwa mun je mun ga makarantar da idonmu. Barandar azuzuwa matakala uku gare ta, akwai buɗaɗɗiyar kwata tsakanin ƙofar shiga da fili, ban ɗakin kuma na tsuguno ne, ƙofarsa 'yar siririya. To, shin hedimasta yana da ikon sallamarta da fatar baki haka? In ba shi da shi, wane ofis ake zuwa, da wace takarda a hannu? In kuma gyara wurin ke buƙata, yaya girman aikin yake? Uwar ta fara cewa a bar maganar kada a ja wa 'yarta baƙin jini. Mu kuma ba ma son a bari.

Malamin Sawaba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Inna. Allah ya saka muku da alheri da ba ku bar maganar ta mutu ba. Hedimasta ba shi da wannan ikon. Dokar masu naƙasa ta 2006, wadda aka fi sani da lambarta 715, ta faɗa a sashe na 20 cewa duk mai alhakin ɗaukar ɗalibai ba zai ƙi yaro saboda naƙasarsa ba, sai in Ma'aikatar Ilimi, tare da ta Lafiya da masu kula da jin daɗin jama'a, sun auna yaron sun tabbatar lallai makaranta ta musamman yake buƙata. Kallon keke daga bakin ofis ba awo ba ne. Wanda ya karya wannan sashe hukuncinsa tara ne, ko ɗaurin da bai wuce wata uku ba, ko duka biyun. Sashe na 16 kuma ya wajabta wa iyaye sa yaro mai naƙasa a makaranta. A gaya wa uwar wannan cikin lalama, ba don a tsorata ta ba, sai don ta san ba alfarma take roƙo ba. Bayan dokar akwai manufar gwamnati ta 2015 ta karatun bai ɗaya, wadda ta ce makarantar unguwa ita ce wurin farko na kowane yaro, kuma makaranta ce za ta gyara kanta domin yaro.

Sannan wace makarantar naƙasassu yake nufi? Ta Garden City da ke Asokore Mampong ta yara masu jinkirin fahimta ce. Ta Jamasi ta kurame ce. Ta Akropong da ta Wa na makafi ne. Yarinyar da ke haddar izu biyar tana lissafin ciniki ba ta da abin yi a ko ɗaya daga cikinsu. Matsalarta matakala ce, ba karatu ba.

Yanzu ga yadda za ku bi. Abin da ya kashe zuwan farko shi ne babu takarda, don haka babu shaida. Ku rubuta wasiƙar neman gurbi da Turanci, gajeriya: sunan yarinya, shekarunta, unguwarta, ranar da aka fara kawo ta, da cewa tana amfani da keke. Ku haɗa kwafin takardar haihuwa, katin awo na asibiti in yana nan, katin inshorar lafiya da hotuna biyu. Ku yi kwafi biyu na wasiƙar. Ɗaya ku miƙa, ɗaya a buga muku hatimi da kwanan wata ku riƙe. Mutum biyu su raka uwar, zai fi kyau in akwai ɗan kwamitin kula da makarantar a cikinsu. In hedimasta ya sake ƙi, ku roƙe shi cikin ladabi ya rubuta dalilinsa ya sa hannu. Da wuya ka ga wanda zai yarda ya rubuta, domin ya san abin da doka ta ce, kuma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, Aboabo tana ƙarƙashin Asokore Mampong, sai ku tafi ofishin ilimi na can. Ku tambayi jami'in da ke kula da ilimi na musamman, domin kowace gunduma tana da shi, sannan ku ajiye kwafi a ofishin darakta. Akwai kuma jami'in da ke zagaya makarantun yankin, wanda yanzu ake kira SISO; ku karɓi lambar wayarsa, shi ne ke shiga makarantar a kai a kai. In makarantar tana cikin na Sashen Ilimin Musulunci, su ma na gwamnati ne, dokar ta hau kansu, sai ku ƙara kwafi ɗaya zuwa ofishin manajansu. CHRAJ, wato hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, tana karɓar irin wannan koke kyauta, ba sai da lauya ba, amma ku bar ta a ƙarshe. Ina faɗin haka ne domin tsoron da uwar ke ji gaskiya ne: yarinyar za ta yi shekaru a hannun mutanen nan. Gara ta shiga ta ƙofar da aka buɗe da yarda. Yawancin masu ƙin nan ba mugunta ba ce, tsoron ɗawainiya ne, wa zai ɗaga ta, wa zai kai ta ban ɗaki. In kuka zo da amsar waɗannan a hannu, rabin gardamar ta faɗi.

Ku samo rahoton likita daga asibitin Komfo Anokye, sashen ƙashi ko na masu motsa gaɓoɓi. Ku nemi a rubuta abin da take iya yi da kanta, ba sunan ciwon kaɗai ba: tana tura kekenta, tana riƙe fensir, tana iya sauka daga keke zuwa kujera ko sai an taimaka. Wannan ne malami ke buƙata.

Abu na ƙarshe, kada ku yarda a jefa ta ajin rainon yara don ba ta taɓa boko ba. 'Yar shekara 9 cikin 'yan shekara 4 za ta karaya kafin zango ya ƙare. Ku nemi jami'in ya gwada ta, a sa ta kusa da sa'anninta gwargwadon hali, a haɗa mata da darasin karatu na bayan tashi.

Birkila Akwatia Line ya amsa:

Malam ya gama da takarda, bari in taɓa siminti. Inna, ku fara da tef. Ku auna daga ƙasa zuwa saman baranda. Matakala uku yawanci santimita 45 ne. Ƙa'idar gangaren keke ita ce kowane santimita ɗaya na tsayi a ba shi 12 a kwance. Ke nan 45 sau 12, mita 5 da santimita 40. Wannan shi ne mafi tsananin gangaren da aka yarda da shi. In fili ya ba da dama a ja shi ya fi haka, yaro zai fi jin daɗin turawa. Kuskuren da ake yi ko'ina shi ne a zuba siminti a kan matakalar nan uku a shafe, a ce an yi hanya. Tsawonsa bai fi mita ɗaya ba, babba ma sai da ƙyar zai tura keke a kai, a saukowa kuma ƙananan tayoyin gaba su caki ƙasa yaro ya kifa da fuska. Irin wannan gara babu.

In fili bai kai ba, kada a miƙe shi zuwa tsakar makaranta, a kwantar da shi a jikin baranda. Faɗinsa kada ya gaza mita 1 da 20. Sama da ƙasa a bar shimfiɗaɗɗen wuri, mita ɗaya da rabi kowane gefe, inda keke zai tsaya ya juya ba tare da ya gangara baya ba. A gefen da ke buɗe a ɗaga ɗan baki kamar santimita 10 don taya kada ta zame. Abin riƙewa na bututun ƙarfe hawa biyu, ɗaya a santimita 90, ɗaya a 70 domin yara.

Aikin kansa: a ja bulo gefe da gefe, a cika ciki da jar ƙasa, a jiƙa a daddaɓe ta hawa-hawa. In ba a daddaɓe ba, damina ɗaya ta Kumasi ta isa ta sa ƙasar ta zauna kankaren ya tsage. A kai a zuba kankare mai kaurin santimita 10, haɗin buhun siminti ɗaya, kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa, da kwanon da leburori ke ɗauka a ka. Gangare mai wannan tsawo da wurin tsayawarsa na sama zai ci wajen buhu 6, a ƙara 2 na ɗaurin bulo da baki. Kada a goge saman ya yi sulɓi, kada kuma a sa tayil. Tun yana ɗanye a ja tsintsiya a gicciye ta bar zane-zane. A riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7, a tare yara kada su hau. Kwatar bakin ƙofa kuma a rufe ta da faifan kankare mai rodi, samansa daidai da ƙasa. Ƙarfen raga mai faɗin rami yana cafke ƙaramar taya.

Ƙofar aji ta ba da santimita 90 a buɗe. In akwai tudu a bakinta a sassaƙe shi.

Ban ɗaki shi ne inda gizo ke saƙar, kuma shi ake mantawa. A ware ɗaki ɗaya, wanda ya fi kusa. A faɗaɗa ƙofar, a juya ta ta riƙa buɗewa waje, domin in tana buɗewa ciki keke ya shiga ba ta rufuwa, in kuma yaro ya faɗi a bayanta ba a iya shiga. Ba dole sai an sayi masai na zama ba in babu ruwan famfo. Mai walda zai iya ƙera kujerar ƙarfe mai rami da za a kafa a kan ramin tsuguno, tsayinta daidai da mazaunin kekenta, don ta zame daga wannan zuwa wancan ba hawa ba sauka. A kafa bututun riƙewa a bango, a dasa shi cikin bulo da siminti, ba a ɗaure da ƙusa ba, domin duk nauyin jikinta zai ɗauka. Buta da bokitin ruwa su zauna inda hannunta zai kai tana zaune. Sakata ta zama ƙasa-ƙasa.

Tebur kuma, bencin nan mai haɗe da tebur ba ya karɓar keke. Kafinta ya auna daga ƙasa zuwa saman gwiwarta tana zaune a keken, ya ƙara yatsa uku, ya yi tebur mara aljihu a ƙasa. A ajiye shi cikin layi tare da sauran yara, ba a lungu bakin ƙofa ba.

Inna Aboabo ta sake rubutawa:

Malam, Baba birkila, mun gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Mun auna, santimita 48 ne. Saura maganar kuɗi, domin asusun ƙungiyarmu ba zai ɗauki duka ba. Kuma tun da aka ji muna wannan fafutuka, wata maƙwabciya ta kawo mana zancen ɗanta mai shekara 8. Shi yana makaranta, amma ya maimaita aji ɗaya sau biyu, malamai na cewa taurin kai ne da shi. Uwar ta ce in ta kira shi daga baya ba ya juyowa. Shi ma hanyar ɗaya ce?

Hajiyar Asawase ta amsa:

Inna, kuɗin ba daga aljihu ɗaya zai fito ba, kuma kada ku fara zuba naku kafin ku ƙwanƙwasa inda haƙƙin yake. Ginin makarantun firamare nauyin Asambili ne, wato majalisar gunduma. Ku rubuta wa shugabanta ta hannun asambiliman, wato wakilin unguwarku a Asambili, ku haɗa lissafin birkila da hotunan baranda da ban ɗaki. Doka ta 715 ta ba masu gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara, wa'adin ya cika tun 2016, ku ambaci wannan a wasiƙar. Ƙananan abubuwa kamar tebur da sakata da rufe kwata, kwamitin makaranta zai iya sa su cikin tsarin kashe kuɗin da gwamnati ke ba makaranta bisa yawan ɗalibai. Sai an rubuta abu a tsarin ake iya kashe masa kuɗi, don haka ku halarci zaman da ake tsara shi. Kuma ko da kuɗinku za ku yi ginin, ku sami izini a rubuce tukuna.

Na yarinyar ita kanta daban ne. A cikin kason da gwamnatin tsakiya ke raba wa Asambili-Asambili akwai rabon masu naƙasa. Da kashi 2 cikin ɗari aka fara, daga baya aka ɗaga shi. Ana iya neman kuɗin makaranta, keke, sanduna da na'urar ji daga ciki. Ofishin jin daɗin jama'a na Asambili za ku je, a yi mata rajista, a rubuta takardar nema zuwa kwamitin asusun. Galibi suna son hoto na tsaye da ke nuna keken, da takardar farashi daga mai sayarwa. Kuɗin yakan makara, kwamitin kuma ba kullum yake zama ba, saboda haka ku nema da wuri, ku riƙe kwafi, ku riƙa leƙawa. Wanda yake cikin ƙungiyar masu naƙasar gaɓoɓi ta ƙasa yakan ji labarin zaman kafin kowa. Ku sa uwar ta shiga reshen gundumarku.

Kada kuma a ce sai an gama gini za ta fara. Wannan jiran yana cin shekara. A sa ta a rajista yanzu. Kafin gangare ya samu, babba ya juya keken ta baya, ya ɗaga ƙananan tayoyi, ya ja ta matakala ɗaya bayan ɗaya, wani yana riƙe da gaba. Ba aikin yara ba ne, kuma ba a ɗaga keke ta wurin ɗora ƙafa, yana cirewa.

Abu biyu da ya kamata malamar aji ta sani. Yaran nan sukan ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su a makaranta, daga nan sai ciwon mafitsara. A tsayar mata da lokacin ban ɗaki, mace guda da ta yarda da ita ta riƙa rakiya. Na biyu, zama wuri ɗaya awa shida yana kawo gyambo a mazauni, musamman in ba ta jin taɓi sosai a wurin. Ta riƙa dafa hannun keke tana ɗaga jikinta ko ta karkata gefe duk bayan minti 20 zuwa 30, a sa mata matashi mai kauri, uwar ta duba fatar kowane dare. Jan tabon da bai gushe ba bayan rabin awa, asibiti.

Malama Alabar ta amsa:

Inna, game da yaron, hanyar ba ɗaya ba ce, kuma a nan zan ɗan rage wa maganar makarantar unguwa ƙarfi. Ga mai keke, na yarda ɗari bisa ɗari. Ga yaron da ba ya ji, zama a aji ba shi ne karatu ba. Yana iya shekara shida yana kwafar allo da kyakkyawan rubutu bai san abin da ya rubuta ba.

A fara da awo. Komfo Anokye suna da wurin gwajin ji. Likita ya fara duba kunnen, domin wani lokaci dattin kunne ne ya toshe, ko ruwa ya taru bayan fatar kunne, ko tsohon ciwo mai fitar da ruwa, waɗannan kuwa ana maganinsu. Sannan a yi gwajin da ake sa masa abin ji a kai, a ba ku takardar sakamako. Ita za ku kai wa jami'in ilimi na musamman, ita ce za ta raba gardama.

In ragowar jin da yawa, ya zauna a makarantarsa. A dawo da shi layi na farko ko na biyu, ɗan gefe, kunnen da ya fi ji yana fuskantar malami, nesa da tagar da ke kallon titi. Malami ya daina magana yana fuskantar allo, ya bari haske ya faɗi a fuskarsa, ya rubuta aikin gida maimakon faɗa da baki ana tashi. Ihu ba ya taimako, yana ɓata siffar baki ne. In an sa masa na'urar ji, a sani batirinta mako ɗaya zuwa biyu yake yi, abin da ke shiga kunne kuma yana yi masa kaɗan yayin da yake girma, sai ka ji tana fito. Da dare a buɗe murfin batir a ajiye ta wuri busasshe, domin gumi da laimar Kumasi na kashe ta. Na'urori da yawa suna kwance a akwati saboda batir kawai, don haka a sa kuɗinsa cikin abin da za a nema a asusun da Hajiya ta faɗa.

In kuwa awo ya nuna jin ya tafi sosai, Jamasi ta fi masa alheri, kuma kada a ɗauki haka a matsayin yar da shi. A can zai sami harshen hannu na Gana, da malamai da abokai masu yi da shi. Shekara 8 ba tare da cikakken harshe ba an riga an makara, kada a ƙara. Mutanen gida su ma su koyi harshen, ko mutum biyu ne, in ba haka ba zai dawo hutu ya zama baƙo a ɗakin uwarsa. Daga can akwai babbar sakandaren kurame a Mampong ta Akuapem.

Ga su duka biyun, ku riƙe wannan don gaba. Azuzuwan JHS, wato ƙaramar sakandare, a makarantu da yawa a bene suke. Tun tana aji shida ku nemi a sauko da ajinta ƙasa, musanyar ɗaki ce kawai, ba ta cin ko sidi ɗaya. Lokacin rajistar BECE kuma, wato jarrabawar gama JHS, makaranta ce ke shaida wa hukumar jarrabawa ta WAEC cewa ɗalibi yana da buƙata ta musamman, da rahoton likita. Makafi da kurame ana ƙara musu rabin lokacin da aka ba sauran, akwai takardun rubutun makafi da masu manyan baƙaƙe, amma sai an nema tun a rajista. Ranar jarrabawa mai tsaron ɗaki ba ya iya ƙara ko minti ɗaya da ra'ayinsa. Ku nemi ganin takardar rajistar da idonku kafin a aika, ku je ku ga cibiyar da aka ba ta tun da sauran mako biyu ko ɗakin a ƙasa yake, sannan wajen zaɓen sakandare ku ziyarci makarantun kafin a cike fam ɗin.

Da santimita 48 ɗin da kuka auna, Baba birkila zai tabbatar, tsawon gangaren ya zama mita 5 da santimita 76, ku ce mita 6.